Tsibirin da Raƙumi ke Shiga

Akwai wata kalma ta Turanci da ta daɗe tana wahal da masu juya magana zuwa Hausa, ita ce peninsula. Ma'anarta ƙasa wadda ruwa ya kewaye ta gefe uku, gefe guda kuwa tana haɗe da tudu. Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan dā, kalmomi biyu aka gama: paene, watau saura kaɗan, da insula, watau tsibiri. Ashe tun daga sunan an gaya mana saura kaɗan ta zama tsibiri, amma ba ta zama ba. Jamusawa suka ce rabin tsibiri. Larabawan zamani suka ce shibhu jazira, watau mai kama da tsibiri. Kowa ya kiyaye wannan ɗan bambanci, sai mu.

Mu kuwa sau da yawa mai fassara yakan yar da "saura kaɗan" ɗin, ya rubuta tsibiri kurum. Ta haka aka sami Tsibirin Larabawa a takardu da bakin masu karanta labarai. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Bahaushe ya san tsibiri, ya gan shi a Kwara da Tafkin Chadi, ya kuma san ba a isa gare shi sai da jirgi. To, yaron da aka koya wa cewa ƙasar Larabawa tsibiri ce, yaya zai fahimci fataucin Ƙuraishawa zuwa Sham bisa raƙuma? Yaya kuma zai gane jirgin ƙasan da ya taso daga Dimashƙa ya iso Madina a 1908? Ƙasar nan ta fi murabba'in mil miliyan ɗaya. Bahar Maliya na yamma da ita, Tekun Fasha na gabas, Tekun Arabiya na kudu, amma arewarta tudu ne har Sham da Iraƙi.

Masu wannan fassara suna da hanzari, ba kuwa za a raina shi ba. Sukan ce ai Larabawa da kansu Jaziratul Arabi suke cewa, jazira kuwa tsibiri ce. Gaskiya ne, amma jazira ta fi tsibiri faɗi. Malamansu na dā sun lissafa Kogin Furatu cikin ruwayen da suka kewaye ƙasarsu. Ƙasar da ke tsakanin Dijla da Furatu ma Jazira suke kiranta. Haka kuma wadda ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu a Sudan, inda aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, inda kuma Hausawa mahajjata da yawa suka zauna suna aikin auduga. Ba wanda ya taɓa noma a can da zai ce tsibiri ya zauna.

Waɗansu da suka lura da kuskuren sai suka koma ga ziri, suka ce Zirin Koriya. Wannan ya fi, gama bai raba ƙasar da tudu ba, amma shi ma da sauran gyara. Ziri abu ne siriri mai tsawo, kamar na saƙi. Ya dace da Gaza, wadda tsawonta wajen mil 25 ne, faɗinta kuwa bai kai mil 8 ba, ga shi kuma gefe ɗaya kaɗai take duban teku. In an kira Gaza ziri, an kira Koriya ziri, da me mai sauraro zai rarrabe su? Bakasi kaɗai za a yi wa uzuri. Ita ce Kotun Duniya ta yanke wa Kamaru a 2002, aka gama miƙa ta a 2008. Rafuffuka sun yayyanka ta ƙwarai, har wanda ya ce tsibiran Bakasi bai yi nisa da gaskiya ba.

Abin da na gani shi ne, tun da Allah ya hore mana kalmomi uku, sai a ba kowace aikinta. A bar tsibiri ga wanda ruwa ya kewaye sarai, kamar Madagaska. A bar ziri ga siririyar ƙasa. Jazira kuwa, wadda almajirai suka saba da ita a littattafai, a ba ta ƙasar da ruwa ya ci gefe uku, a ce Jazirar Larabawa, Jazirar Koriya, Jazirar Sina'i. Aro ba abin kunya ba ne, gama littafi da alƙalami da duniya duk daga Larabci muka samo su, yau kuwa ba mai ce musu baƙi.

Saura ga malaman makaranta da masu buga takardu. Kuskuren baki yakan wuce da iska, amma wanda ya shiga littafi yara za su haddace shi, su kuma koya wa na bayansu. Allah ya sa mu gyara.