Motarka Ce, ko Haya Kake?

A 2022 kamfanin BMW ya fara karɓar kusan dala 18 duk wata kafin kujerar mota ta yi ɗumi lokacin sanyi. Wayoyin ɗumamawar suna cikin kujerar tun daga masana'anta, manhaja ce ta kulle su. Mu masu rubuta manhaja mun san kullen bai wuce sharaɗi guda ba: in ya biya a kunna, in bai biya ba a kashe. Da masu motoci suka yi masa ca, kamfanin ya janye a 2023. Amma intanet ɗin da ke haɗa motar da kamfanin yana nan. Wanda ke iya kashe maka kujera daga nesa shi ne mai mota, kai ɗan haya ne.