Filin Wasa na Abuja: Gida Mai Jiran Baƙi

Duk wanda ya shigo Abuja ta hanyar filin jirgin sama, da wuya idonsa ya kauce wa farin rufin babban filin wasa na ƙasa da ke daura da Ƙofar Birni. Masu zanen sun yi gwaninta. Rufin ya yi wa 'yan kallo inuwa ba tare da ginshiƙai sun tare musu gani ba, kuma daga nesa sai ka ce wata babbar rumfa ce aka ɗaga don bikin sarauta.

An kammala shi a shekarar 2003 domin Gasar Wasannin Afirka karo na takwas, da kujeru sama da 60,000, ga zauren wasanni, ga wurin ninƙaya, ga da'irar tseren keke. Tun a nan matsalar ta samo asali: gasar ba ta wuce 'yan makonni ba, ginin kuwa na shekaru ne. Abuja gari ne na ma'aikata da baƙi, ba ta da ƙungiyar ƙwallon ƙafa da za ta cika wannan wuri duk mako, kamar yadda magoya bayan Kano Pillars ke cika filin Sani Abacha. Ginin da ba a shiga kullum ba a lura da lalacewarsa. Ciyawar fili ta mutu, har sai da Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyara ta.

Ko kiransa filin wasanni daban-daban ma yana da farashi. Hanyar tsere da ta kewaye filin ƙwallo ta nisanta ɗan kallo daga ɗan wasa, ihun jama'a yana isa tsakiya ne bayan ya yi sanyi. Wanda ya san yadda filin Surulere na Legas ya ɗauki zafi a 1980, ranar da Nijeriya ta doke Aljeriya da ci 3-0 ta ɗauki kofin Afirka, zai gane abin da aka rasa.

Ranakun da filin Abuja ya cika maƙil, sau da yawa baƙin ciki ya biyo baya. A nan Suwizalan ta ci Nijeriya 1-0 a wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A nan kuma, ranar 29 ga Maris 2022, kunnen doki 1-1 da Ghana ya hana Nijeriya zuwa Ƙatar, 'yan kallo suka kutsa fili suka farfasa kujerun 'yan wasa. Ba a yi wa ɓarna uzuri, amma mutum ba ya yi wa abin da ya ɗauka nasa haka.

A 2019 Shugaba Buhari ya sa wa filin sunan Moshood Abiola. Zaɓin ya dace da mutumin, domin Abiola ya riƙe ƙungiyar Abiola Babes da kuɗinsa a Abeokuta, har ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 1985 da 1987. Filin da ke ɗauke da sunansa kuwa har yau ba shi da ƙungiyar da jama'ar gari ke bi.