Jinjina ga Marubutan Littattafan Soyayya

A shekarun 1980, lokacin da tattalin arzikin Nijeriya ya durƙushe kuma kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya suka ja baya, wasu matasa a Kano ba su zauna jiran kowa ba. Sun rubuta labaransu a littafin makaranta, suka tara kuɗi daga aljihunsu, suka kai wa masu buga katin biki da kalanda, sannan suka ɗauki littattafan zuwa kasuwa da kansu. Masana suka raɗa wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, wasunsu da nufin raini. Ni kuwa ina ganin sunan abin alfahari ne.

Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, ya zama ruwan dare a hannun matasa. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta rubuta Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, ta faɗi abin da mata ke haɗiyewa a ɗaka: auren dole, zaman kishi, sakin wulaƙanci, uban da ya watsar da 'ya'yansa. A 2012 aka buga fassarar Alhaki da Ingilishi a Indiya.

Marubutan sun sha suka, har aka ƙona littattafai a Kano a 2007. Amma matan aure da yawa don waɗannan labaran suka dage suka iya karatun boko, suna ɗaukar hayar littattafan, suna karanta wa maƙwabta. Yau ƙannen waɗancan marubutan suna sakin labari babi-babi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu na biya ta waya.