Gagararrun Gobir da Hikayoyinsu

Wanda ya karanta Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya ga yadda Alƙalawa ta faɗi a 1808 aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, sa'an nan ya bi tarihi har Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama a 1836, zai zaci ƙasar Gobir ba ta haifi kowa ba sai ma'abota takobi. Alhali kuwa in ya zauna majalisar dattawa bayan isha'i, a Gangara ko Sabon Birni ko Isa, hirar da zai fi ji ta waɗansu gagararru ce, waɗanda al'ada ta ɗaure wa gindi su furta abin da waziri ba ya iya furtawa.

Daga cikinsu akwai wawan sarki, wanda zai karkata hula ya kwaikwayi takun hakimi a gaban idonsa, fada ta kwashe da dariya, hakimin ya haɗiye fushinsa, domin wanda ya yi fushi da wawa shi aka mayar wawa. Akwai kuma ɗan kama, mai naɗa rawani ya tanƙwashe ƙafa kamar shaihin malami, ya ja baƙi da murya mai kyau, amma tafsirin nasa duka tuwo ne da miya da fura. A ganina wannan hisabi ne da talaka ke yi wa manya ta hanyar raha, ko da yake malamai sun ɗauke shi lagawu, ba su ga dalilin ɓata masa tawada ba.

Mafi shahara cikin gagararrun wannan yanki shi ne Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ake ruwaito cewa laƙabinsa ma daga wata karyarsa ya samo shi. Balagarsa ta kai inda yabo ɗaya kan ɗaga ubangidansa sama, zambon da ke biye da shi kuma ya hana ɗan sarki mai jiran gado barci, ba tare da an ambaci sunansa ba, ga shi kuwa kowa a fada ya san wanda ake nufi.

Illar wannan fanni ita ce rashin isnadi: hikaya guda a jingina ta ga wawan Isa yau, gobe a ce a Tsibirin Gobir ta faru. Narambaɗa ya tsira ne domin an naɗi muryarsa, gidajen rediyo suna ta maimaitawa. Sauran kuwa suna bakin tsofaffi, tsofaffin nan kuma rashin tsaro ya tarwatsa da yawansu daga ƙauyukansu. Ina kira ga ɗaliban Hausa na jami'o'in Sakkwato da su nemi waɗannan dattawa, su rubuta kowace hikaya tare da sunan wanda ya faɗe ta da garinsa.