Ethereum Ta Burge Ni: Jingina Ta Fi Ƙona Wuta

Jama'a, in dai ana maganar gwaninta a duniyar kirifto, ban ga abin da ya kama ƙafar aikin da Ethereum ta yi ranar 15 ga Satumba, 2022 ba. A ranar ce ta sauya hanyar da kwamfutocinta ke bi su amince da juna, ana tsaka da ciniki, dukiyar mutane ta biliyoyin daloli na kai-komo, kuma ba a tsayar da harka ba. Kai, wannan aiki sai jinjina!

Bulokcen, irin wanda Ethereum ke gudana a kai, littafin lissafi ne da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, tamkar adashen da ba shi da uwar adashe. To wa zai rubuta shafi na gaba, kuma don me za a yarda da shi? Duk mai son gina irin wannan tsari, nan ne zai fara yanke shawara.

Bitcoin, tun 2009, ta zaɓi shaidar aiki: injina suna ta gasar canken wata lamba, wanda ya riga ya rubuta shafin ya karɓi lada, kusan duk minti 10. Tsaro kam akwai shi. Sai dai wutar da injinan ke sha a shekara ta ninka wadda Gabon kacokan ke amfani da ita sau da yawa.

Mu da muke Libreville mun san darajar lantarki. Madatsun ruwa na Kinguélé da Tchimbélé ne ke taimaka wa birnin, kuma in rani ya yi tsanani ruwa ya ja baya, mai sayar da kifi a kasuwar Mont-Bouët hankalinsa na kan firjinsa. Ga shi ƙasar nan kusan kashi 88 cikin 100 daji ce, har aka yi babban taron kare dazuzzuka a wannan birni a watan Maris na 2023. Ina dalilin ƙona wuta a kan canke?

Nan ne Ethereum ta sace zuciyata. A sabon tsarin, mai son shiga aikin tantancewa sai ya ajiye ETH 32, wato kuɗin Ethereum, jingina. Duk daƙiƙa 12 a zaɓo mutum ɗaya ya gabatar da shafi, wasu su shaida. Idan masu kashi biyu cikin uku na jinginar suka amince, cikin kamar minti 13 magana ta tabbata. Wanda ya yi baki biyu, ya sa hannu a shafuka masu karo da juna, a zabtare masa dukiya a sallame shi. Macuci da kuɗinsa zai biya! Ƙaramar kwamfuta a ɗaki ta isa aikin, shi ya sa shan wuta ya ragu da kusan kashi 99.95 cikin 100. Wallahi duk sanda na tuna wannan lissafi sai na ji daɗi.

Haƙurinsu ma abin koyi ne. Vitalik Buterin da abokan aikinsa na Ethereum ba su yi garaje ba. Tun 1 ga Disamba, 2020 suka kunna sabuwar sarƙar bulokcen a gefe, ta yi kusan shekara biyu ana lura da ita, aka gwada haɗe ta da tsohuwar a filayen gwaji na Ropsten da Sepolia da Goerli, sannan aka yi ta gaske. A Afrilun 2023 kuma aka buɗe ƙofar cire jingina kamar yadda aka yi alkawari.

Masu suka suna cewa ETH 32 ba kuɗin talaka ba ne, kuma manyan rumbunan jingina irin su Lido sun tara kaso mai yawa. Gaskiya ne, a ci gaba da sa ido. Suna cewa kuɗin aikawa bai sauko ba a ranar sauyin. Shi ma haka ne, amma gyaran Dencun na Maris 2024 ya sauko da shi sosai a sarƙoƙin da ke bisa Ethereum. Kowace matsala da lokacinta suke bi.

Ba kowane aiki ne ke buƙatar wannan hanya ba. eNaira da Najeriya ta ƙaddamar ranar 25 ga Oktoba, 2021 an gina ta ne a kan Hyperledger Fabric, inda sai wanda aka sani aka ba izini ke tantancewa, kuma hakan ya dace da babban banki. Zancen ma bai yi mana nisa ba: bayan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta halasta Bitcoin a Afrilun 2022, hukumar kula da bankuna ta COBAC mai mazauni a nan Libreville ta hana bankunan yankin taɓa kirifto.

Saboda haka, matasanmu masu sha'awar wannan fanni, kafin ku rungumi kowane tsari ku tambaya: wa ke rubuta shafi, me zai yi asara in ya yi ƙarya, kuma nawa ake ƙonawa? A buɗaɗɗen tsarin da kowa ke iya shiga, amsar Ethereum ce ta fi gamsar da ni, kuma na ba ta maki cikakke.