Squid Game Zango na Uku: Ina Bashin Ya Tafi?

Ranar 27 ga Yuni, 2025 Netflix ta saki zango na uku kuma na ƙarshe na Squid Game. Mu a nan Briqueterie cikin Yawunde, a shagon ɗinkin wani abokina muka kalle shi da fassarar Faransanci, dare biyu bayan sallar isha'i, tsire a takarda, shayi na zagayawa. Wanda bai kalla ba ya dakata nan, domin zan fasa ƙwai.

Abin da ya kama mu a zangon farko na 2021 ba jinin ba ne, bashi ne. Mutum 456 da bashi ya yi wa katutu suna wasan yara a kan won biliyan 45.6, wanda ya faɗi a harbe shi. A kashi na biyu suka kaɗa ƙuri'a aka mayar da su gida, sai ga mafi yawansu sun dawo da ƙafarsu, saboda abin da ke jiransu a waje ya fi bindiga. Duk wanda ya ga an gudu da kuɗin adashi a unguwar nan, ko ya ga matashi ya sayar da keken ɗinkinsa ya kama hanyar Libiya, ba ya buƙatar tafinta.

Zango na uku kashi shida ne, kuma ƙarfinsa yana wasan ɓuya. An ba wasu wuƙa, an ba wasu makulli, wanda bai kashe ba a kashe shi. Nan tsohuwa Geum-ja ta soki ɗanta na cikinta da tsinken gashinta don ta ceci Jun-hee, yarinyar da ta haihu a wurin. Shagon ya yi tsit, shayi ya huce a kofi. Kowa na tambayar kansa: da ni ne fa?

Daga nan tafiyar ta fara ɗingishi. Marubucin, Hwang Dong-hyuk, ya maƙala wa jaririyar lambar uwarta, 222, ya mai da ita 'yar wasa. Ban da cewa ido na gane aikin kwamfuta ce, ta kashe muhawarar. A da muna tausayin wanda ya ci amana, domin mun ga uwarsa, mun ga mai binsa bashi. Yanzu waɗanda suka kai wasan ƙarshe, in ka cire Gi-hun da Myung-gi uban jaririyar, ba mu san gidajensu ba. Yawancinsu mugaye ne kawai masu son jefa jinjira ƙasa, kuma tsine musu ba ya buƙatar tunani.

Ga attajiran nan masu rufe fuska, surutunsu kamar ana karanta takarda. Ga ɗan sanda Jun-ho, zango biyu yana yawo a teku, ya isa tsibirin an riga an watse, tamkar wanda ya zo ɗaurin aure bayan an shafa fatiha.

Mutuwar Gi-hun ce ta raba mu. Telan ya ce da ni, "Malam, wannan wauta ce. Yana da 'yarsa a Amurka, ya mutu don 'yar wani?" Ni ban ga wauta ba. Mutumin da ya fara labarin yana satar kuɗin mahaifiyarsa don cacar doki ya ƙare yana ƙin zama dokin da wasu ke caca a kansa, kuma Lee Jung-jae ya ɗauki nauyin wannan da fuska kawai. Abin da ya ɓata min rai shi ne bayan haka: Cate Blanchett a wani lungu na Los Angeles tana farautar sabon ɗan wasa. Ana cikin makoki aka shigo mana da talla.

Ku kalle shi don wasan ɓuya da faɗuwar Gi-hun. Amma in wani ya tambaye ni me ya sa mai hankali zai shiga wasan mutuwa da ƙafarsa, kashi na biyu na zangon farko zan kunna masa.