Bene biyar na katako a kan ɗaya na kankare

A unguwannin gefen biranen Amurka, irin su Seattle da Dallas, akwai wani gini da ya zama ruwan dare: ƙasa shaguna da wurin ajiye motoci na kankare, sama kuma hawa biyar na gidajen haya, duk da katako. Mai wucewa zai ga kamar abu ne mai sauƙi, amma wanda ya zana shi ya sha lissafi.

Aikin farko shi ne sulhunta sama da ƙasa. Mai shago yana son fili babu bango, motoci suna son ginshiƙai nesa da juna, ɗakunan sama kuwa bangonsu na katakai ne da aka jera tsaye, tazarar inci 16 tsakaninsu. Sai a zuba kakkauran daɓen kankare a kan hawan farko, ya karɓi nauyin saman ya miƙa wa ginshiƙai. Daga nan bango ya hau kan bango, banɗaki kan banɗaki, kicin kan kicin, don bututun ruwa su sauko kai tsaye.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwanin yake sanin cewa katako ba ya zama yadda aka kawo shi. Yakan zo wurin gini da danshi har kashi 19 cikin 100, ya ci gaba da bushewa bayan mutane sun tare. Ta tsawonsa da ƙyar yake raguwa, amma ta kauri yana tsukewa sosai, don haka katakan da aka kwantar su ne ke jawo ginin ƙasa. Kowane hawa ya sauka 'yan milimita, kafin a kai na biyar abin ya taru ya kai santimita biyu ko fiye. Bulon da aka yi wa ginin ado da shi bai san wannan zance ba, haka ma bututun ƙarfe. Saboda haka tun a takarda ake barin rata a ƙarƙashin tagogi, a faɗaɗa ramin da bututu zai bi, a sa masa mahaɗi mai zamewa. In aka manta, shekara ba za ta zagayo ba sai taga ta ƙi buɗuwa, bututu ya tsage cikin bango.

Wuta kuma ana tare ta da allunan jifsam da na'urorin fesa ruwa a silin. Ƙarar takun maƙwabci ta fi wuyar sha'ani, domin katako ba shi da nauyin da zai shanye ta. Shi ya sa ake shimfiɗa tabarmar roba, a zuba siririn daɓe a kai, silin ɗin ƙasa kuma a rataye shi a jikin ƙarafa masu lanƙwasa, don yaron da ke guje-guje a hawa na huɗu kada ya hana mutanen hawa na uku barci.